Ƙandarewar Hanta Da Ciwon Damuwa: Ciwo Biyu A Jiki Ɗaya

Darasin kiwon lafiya na wannan wata

A ɗauki misalin wani magidanci, manomi, mai shekara arba'in da 'yan kai. Da can shi ne na farkon fita gona, shi ne na ƙarshen tashi daga hira a dandali. Wata kaka sai aka ga idonsa ya yi rawaya. Aka ce shawara ce, aka jiƙa masa sassaƙe. Idon ya ɗan washe. Da hunturu ya shigo sai ƙafafu suka kumbura, ciki ya tashi kamar tulu, hannuwa kuwa suka rame. Aka sayar da buhu biyu na gero aka kai shi babban asibiti. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki. Likita ya ce hanta ce ta ƙandare.

An dawo gida da magani. Kumburi ya ragu, ƙafa ta shiga takalmi. Amma mutumin bai koma yadda aka san shi ba. Ya daina fita ƙofar gida. Rediyon da ba ya rabuwa da ita ƙura ta rufe ta. In an kawo tuwo sai ya kalla ya kau da kai. Uwargidansa ta ce, "Malam, ko in dama maka kunu?" Ya ce, "Bar shi kawai, ɓarnar hatsi ce." Cikin dare ta kan ji shi yana juyi yana ajiyar zuciya har asuba.

Mutanen gida suka ce ai ciwon ne. Maƙwabta suka ce jifa ne. Wani ya ce ƙarancin haƙuri ne. Babu wanda ya ce a koma a gaya wa likita, domin a ganinsu likita hanta kaɗai yake dubawa.

To, wannan mutum ciwo biyu gare shi. Na farko a hanta yake, kowa ya gan shi. Na biyu shi ne ciwon damuwa, kuma shi ma yana da magani. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna masu ƙandarewar hanta sun fi sauran jama'a faɗawa cikin damuwa da fargaba. Ya kuma nuna in an bar damuwar ba a kula da ita ba, jinyar hantar ma ba ta tafiya daidai.

AIKIN HANTA

Hanta tana gefen dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Ta babban mutum ta kan kai kilo ɗaya da rabi. Duk wanda ya taɓa ganin an feɗe rago ya san kamanninta: ja ce, mai santsi, mai laushi. Jinin da ya ɗebo abinci daga hanji sai ya bi ta cikinta kafin ya zaga jiki. Ita ke tace shi, kamar yadda rariya ke raba gari da tsaki. Tana ajiye sukari don lokacin yunwa. Tana yin ruwan ɗaci na matsarmama mai narkar da maiƙo. Tana kuma haɗa abin da ke sa jini ya daskare in an ji rauni.

Idan wani abu ya yi shekaru yana cin hanta, sai tabo ya maye gurbin naman kirki. Tabo kan tabo, har ta yi tauri, ta yi gudaji-gudaji, ta tsuke. Wannan shi ne ƙandarewar hanta. Likitoci na ce masa sirosis. Jini ba ya samun hanyar wucewa, sai ya taru a baya kamar ruwan da aka datse. Daga nan ne ruwa ke taruwa a ciki, saifa ta kumbura, jijiyoyin maƙoshi su cika har wata rana su fashe mutum ya yi aman jini.

A ƙasar nan babban abin da ke jawo wannan shi ne ƙwayar cutar hanta nau'in B. Wani likita ɗan Amurka, Baruch Blumberg, shi ya gano alamarta a jini a 1965. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2018 ya samu kashi 8 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Wato kusan mutum ɗaya cikin kowane 12. Nau'in C, wanda aka gano a 1989, bai kai haka yawa ba: kashi 1 ne da ɗan ɗori cikin 100. Mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar ba sa kai wa ga ƙandarewa. Waɗanda suka kai, sau da yawa sai bayan shekara 20 ko 30. Sauran abubuwan da ke lalata hanta su ne yawan shan giya da burkutu, da kitsen da ke taruwa a hantar masu ƙiba da masu ciwon sukari. Gyaɗa da masara masu funfuna kuwa suna da wani dafi mai ƙara haɗarin ciwon daji na hanta, musamman ga mai nau'in B.

DAGA INA DAMUWAR TAKE FITOWA?

Wani sashe daga jikin kansa yake. Mai wannan ciwo kullum a gajiye yake, ko bai ɗaga komai ba. Ƙaiƙayi kan hana shi sakat. Ƙafa kan ɗaure masa cikin dare. Barcinsa guntu-guntu ne. Jinin da hanta ba ta tace da kyau ba yana zuwa ƙwaƙwalwa yana taɓa ta. Mutumin da ya yi wata uku bai yi barci mai daɗi ba, ko ƙarfe ne shi sai ya lanƙwashe.

Wani sashen kuwa daga zaman duniya yake, kuma shi ya fi ciwo. Magidanci ya ga damina ta faɗi, maƙwabta sun fita da fartanya, shi yana kwance. Ya ga an sayar da akuya, an sayar da sa, an jinginar da gona, duk a kansa. Yaron da ke makaranta an cire shi don ya riƙe noma. Mutumin da ya saba bayarwa ya koma mai karɓa. Sai ya fara lissafin kansa cikin asarar gida.

Akwai kuma abin da ba a iya faɗa a gaban mutane. Ƙandarewar hanta ta kan rage wa namiji ƙarfin kusantar iyali. Wani ma ƙirjinsa kan ɗan tasa kamar na mace. Aikin ciwon ne, ba asiri ba ne, ba kuma laifin wata daga cikin matansa ba ne. Amma gidaje nawa aka yi rikici a kan haka? Mace kuma al'adarta kan ɗauke, cikinta ya tashi da ruwa. In bazawara ce ko mijinta ya daɗe a ci-rani, sai tsegumi ya tashi a bakin rijiya. Mace ta gwammace ta ɓuya a ɗaki da ta fita a nuna ta da baki.

Sai zargi. Da an ce hanta, wasu sai su ce mashayi ne, ko mai bin mata. Wannan rashin sani ne. A ƙasashen Afirka irin wannan, mafi yawan masu nau'in B tun suna jarirai ko ƙananan yara suka kamu. Wani daga uwa ne wajen haihuwa. Wani daga askar da aka yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga ko cire beli da ita. Wani daga ƙurji da raunin wasa. Jariri goma in suka kamu, wajen tara cutar za ta zauna musu. Babban mutum in ya kamu, galibi jikinsa kan kore ta. Ashe ke nan dattijon da ake yi wa kallon banza, mai yiwuwa ne tun yana goye ya samo abinsa.

YADDA AKE GANE TA

Ɓacin rai na kwana biyu bayan an ji mugun labari ba ciwo ba ne. Kowane ɗan Adam yana yin sa. Ciwon damuwa shi ne wanda ya zauna mako biyu ko fiye, kusan kullum, safe da yamma. Alamarsa babba guda biyu ce: baƙin cikin da ba ya yayewa, da fitar sha'awar abin da mutum yake so da can. Mai son jikoki ya daina kiran su. Mai bin labarin kasuwa ya daina tambayar farashi. A kan haka sai a ƙara ganin kai ba a bakin komai ba, da yawan dora wa kai laifi, da yanke ƙauna, da tunanin mutuwa.

A nan akwai wahala ɗaya. Gajiya da rashin cin abinci da rama da rashin barci, hanta kaɗai ma tana kawo su. Don haka ba da su za a yi hukunci ba. A saurari maganar mutum, a dubi fuskarsa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda hanta kaɗai ke damunsa ya kan ce, "Ina so in je suna, ƙarfi ne babu." Wanda damuwa ta kama kuwa cewa yake, "In je in yi me?"

Sau da yawa mutumin karkara ba zai ce ransa a ɓace yake ba. Zai ce kansa na zafi, ko wani abu na yawo a jikinsa, ko ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora dutse. Ma'aikacin lafiya mai lura ya san abin da ke bayan irin wannan magana.

Fargaba ƙanwar damuwa ce, sau da yawa tare suke zuwa. Ita alamarta faɗuwar gaba ba dalili, bugun ƙirji, gumi, rawar jiki, da kasa zama wuri ɗaya. Ta fi kama wanda ya taɓa yin aman jini. Wanda ya ga jininsa cike da kwano ba ya mantawa. Sai ya riƙa tsoron cin abinci, yana tsoron tari, yana tsoron a bar shi shi kaɗai. Wani in ranar komawa asibiti ta matso sai barci ya ƙaurace masa, har ya ƙi zuwa don kada a faɗa masa abin da ba ya so. Ya kamata irin wannan mutum ya san akwai ƙwayar da likita ke bayarwa don rage matsin jini a waɗannan jijiyoyi. A manyan asibitoci kuma ana zura na'ura mai fitila ta baki a ɗaure jijiyoyin da 'yar roba. Sanin cewa akwai abin yi, shi kansa yana rage tsoro.

DAFIN DA KE HAWA KAI

Wannan sashe mai karatu ya karanta shi sau biyu, domin a nan ake rasa rai.

Akwai wani hali da ke kama da damuwa amma ba ita ba ce. A cikin hanji ana samun wani dafi mai suna amoniya. Shi ne mai warin nan da ke tashi a makewayi inda fitsari ya daɗe. Lafiyayyar hanta tana kama shi ta sauya shi ya fita ta fitsari. Ƙandararriyar hanta kuwa sai ta bar shi ya wuce, shi da wasu irinsa, su hau ƙwaƙwalwa.

Da fari abin a hankali yake zuwa. Barci ya juye: mutum ya yini yana gyangyaɗi, ya kwana ido biyu. Ya riƙa mantuwa. Lissafin kuɗin da ya saba yi da ka ya gagare shi. Mai haƙuri ya koma mai faɗa, mai kunya ya riƙa sakin magana. In abin ya yi gaba sai ya kasa faɗin ranar da ake ciki, ya ɓata a cikin gidansa, ya yi fitsari inda bai kamata ba. In aka ce ya miƙa hannuwa gaba ya ɗaga tafuka kamar mai tsai da mota, sai a ga suna faɗuwa suna tashi kamar fiffiken tsuntsu. Numfashinsa kan yi wani wari mai zaƙi-zaƙi. Ƙarshensa barci mai nauyi da ba a iya tashe shi.

Ga bambancin. Mai damuwa ya san inda yake, ya san ranar kasuwa, ya san kowa da sunansa. Shiru yake yi don ba ya son magana. Mai dafi a kai kuwa ruɗewa yake. Damuwa a hankali take shiga, cikin makonni. Dafi kan iya tasowa tsakanin jiya da yau. Wani lokaci kuma duka biyun kan haɗu a kan mutum ɗaya, sai likita ne zai raba.

Idan aka ga ruɗewa, yawancin gidaje sai su ce iska ce ko aljanu. A rufe ɗaki a yi hayaƙi, a kwana biyu ana jira. Wannan kwana biyun shi ne asara. Addu'a ba ta hana ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti, ana iya yin ta a cikin mota. Kusan kullum akwai abin da ya tayar da dafin, kuma ana iya gyara shi: bayan gida ya ɗaure, ko jini na zuba a ciki, ko wata cuta ta shiga ruwan cikin, ko jiki ya bushe saboda gudawa ko yawan ƙwayar fitsari, ko kuma an ba shi maganin barci. Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta alamar jini ce, ba a kwana da ita a gida.

Maganin da aka fi bayarwa wani ruwa ne mai zaƙi da kauri, sunansa laktulos. Aikinsa ya fitar da dafin ta bayan gida. Ana so mai shan sa ya yi bayan gida mai laushi sau biyu ko uku a yini. Wasu in sun ga haka sai su ce maganin ya ɓata masa ciki, su daina ba shi. Kuskure ne. In ya zama gudawa sosai a gaya wa likita ya rage, amma kada a yanke.

ABIN DA BA A BA SHI

Mai jinya in ya ga ɗan'uwansa ba ya barci, tausayi kan kai shi kemis. A nan ne tausayi ke zama cuta. Ƙwayar barci irin su Valium, hanta ce ke narkar da ita. In hanta ta gaza sai ƙwayar ta taru a jini ta jefa mutum cikin dogon suma. Haka taramadol da maganin tari mai kodin. Magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibufurofen da diklofenak suna iya jawo zubar jini a ciki, su kuma taɓa ƙoda. Garin maganin ciwon kai na 'yar takarda da ake sayarwa a tebur, da yawa akwai asfirin a cikinsa. Farasitamol shi ne mai dama-dama, shi ma likitoci kan taƙaita shi kada ya wuce giram 2 a yini, wato ƙwaya huɗu ta miligiram 500.

Jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen da ake tallarsu da lasifika ranar kasuwa, wai suna wanke hanta, babu wanda ya auna abin da ke cikinsu. Duk abin da aka haɗiya hanta ce za ta yi dakonsa, ita kuwa ta riga ta gaji. Sakiya da tsaga a kan kumburarren ciki ba sa fitar da ruwan. Hanya kawai suke buɗe wa ƙwayoyin cuta, ga shi jinin mai wannan ciwo ba ya saurin tsayawa.

Wanda giya ce ta kai shi ga wannan hali, dole ya bar ta baki ɗaya. Wasu don su manta da damuwa suke sha, ita kuwa ƙara ta take yi. Amma wanda ya saba sha da yawa kullum, in ya yanke rana ɗaya jikinsa kan yi rawa, har ya yi farfaɗiya. Gara ya bari a hannun ma'aikatan asibiti. Gori ba ya raba mutum da kwalba.

MAGANIN DAMUWA

Mataki na farko a faɗa. Likitan da ke duba mutum hamsin kafin azahar ba lalle ya tambaya ba. Ɗan rakiya shi zai buɗe baki ya ce, "Likita, ban da cikin, yayana ya yi wata biyu ba ya magana, ba ya barci, yana cewa ya gaji da duniya." Wannan ba tonon asiri ba ne. Yadda ake nuna kumburin ƙafa haka ake faɗin wannan.

Akwai magani ta hanyar zama da ma'aikacin da aka horar, a yi magana, a warware tunanin da ya cukurkuɗe. Akwai kuma ƙwayoyin damuwa. Da gangan ba a kawo sunansu a nan ba, domin ba na saye a kemis ba ne. Wasu ba su dace da mai ciwon hanta ba sam. Waɗanda suka dace ma likita kan fara da kaɗan, ya duba ko mutumin ya taɓa zubar da jini. Ba sa aiki ranar da aka fara. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin a ga sauƙi. In sauƙi ya zo ba a yankewa sai da izinin likita.

Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin mutum ya haukace. Akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika suna da likitocin hanta da na ƙwaƙwalwa a wuri ɗaya. A watan Janairu na 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ita ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa masu irin wannan lalura haƙƙin a kula da su cikin mutunci.

Babban abin da ke ciyar da damuwa shi ne zaton cewa an gama. Ba kullum haka yake ba. Nau'in B yana da ƙwaya, irin su tenofobir, guda ɗaya a yini, mai danne cutar ta hana ta ci gaba da ɓarna. Ba ta kashe ta ƙurmus, shi ya sa ba a daina sha. Nau'in C kuwa yanzu warkewa ake yi, cikin mako 12 galibi, fiye da mutum 95 cikin 100. In aka tsai da abin da ke cin hanta, tabon kan tsaya, wani lokaci har ya ragu. Waɗanda aka gano nasu kafin ciki ya tara ruwa, da yawa suna yin shekara goma ko fiye suna harkokinsu. Wanda nasa ya yi nisa ma ana iya zuƙe ruwan cikin, a rage ƙaiƙayi, a sama masa barci. Hoton ciki duk wata shida yana taimakawa a kama ciwon daji tun yana ƙarami. Amma duk wannan sai mutum na shan magani yana komawa asibiti. Wanda ya yanke ƙauna ba ya yin ko ɗaya. Ta nan ne damuwa ke kashe mai ciwon hanta.

KWANO ƊAYA

A gidaje da yawa da an ji sunan ciwon sai a ware wa mutum kwano da moɗa da tabarma. A hana yara shiga ɗakinsa. Babu dalilin yin haka. Nau'in B da C ba a ɗaukar su ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko musabaha, ko tari, ko cizon sauro, ko sahun salla. Ta jini ne, da haihuwa, da saduwar aure. Shawarar da ake ɗauka ta ƙazamin ruwa daban ce, nau'in A da E ke nan. Abin da za a ware shi ne reza, da aska, da abin yanke farce, da asuwaki ko buroshi. Sauran mutanen gida su je a gwada jininsu, wanda bai kamu ba a yi masa allurar rigakafi. Tun 2004 wannan allura ta shiga cikin rigakafin jarirai a Nijeriya, kuma ta farko cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi ta.

A ci abinci tare da shi. Da can a kan hana mai ciwon hanta nama da wake da ƙwai. Yanzu likitoci sun bar wannan shawara, domin ramar da take jawowa ta fi illa. Ya ci wake, da awara, da ƙwai, da kifi, da nono, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Kafin ya kwanta ya sha kunu ko fura, kada ya kwana da yunwa. Gishiri ne ake ragewa in ciki na tara ruwa, tare da dunƙulen miya da kanwa. Miya ba gishiri ba ta shiga, gaskiya ne. A gyara ta da albasa da tafarnuwa da citta da lemon tsami. Batun azumi kuma a tambayi likita tun kafin wata ya kama. Wanda aka hana, malamin unguwa ya zauna da shi ya yi masa bayanin rangwamen da mara lafiya yake da shi, don kada ya ɗauki kansa mai laifi.

Kada a karɓe masa komai da sunan tausayi. A riƙa shawartarsa: wace gona za a sa dawa, yaushe za a sayar da wake. In yana iya zama a inuwa ya tuƙa igiya ko ya ɓare gyaɗa, a bar shi. Abokan hira su riƙa leƙowa, ko ba zai ce uffan ba. Masu zuwa dubiya kuma su yi hattara da bakinsu. Ba a zama a gaban mara lafiya ana ba da labarin wane da irin wannan ciwo ya kashe bara.

Ita ma mai jinya a dube ta. Matar da ta yi wata shida tana wanki da girki da tashin dare, damuwa na iya kama ta. 'Yan'uwa su riƙa karɓar ta, ko na yini ɗaya a mako.

Idan mara lafiya ya fara cewa gara ya mutu kowa ya huta, kada a yi dariya, kada a yi masa tsawa. Wanda ya fi kusa da shi ya zauna ya tambaye shi kai tsaye, cikin taushi: "Yaya, kana tunanin yi wa kanka wani abu ne?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da babu shi. Sau da yawa sauƙi take kawowa. In ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai. A kulle maganin feshin gona da sauran magunguna inda hannunsa ba zai kai ba. A kai shi asibiti a ranar.

AIKIN ƊAN AJI

Wanda ya koyi karatu da rubutu a ajin yaƙi da jahilci yana da aiki a gidan da ake wannan jinya. Ya sami ɗan littafi mai layi. Kowace rana ya rubuta kwanan wata. A ƙarƙashinsa ya sa sau nawa mara lafiya ya yi bayan gida da launinsa, ko ya yi barcin dare ko na rana, abin da ya ci, da maganin da ya sha. Ya ƙara layi ɗaya a kan halinsa: ya yi hira, ko ya yi shiru, ko ya yi kuka, ko ya ruɗe.

In mara lafiyan ya iya rubutu, da boko ko da ajami, ya rubuta sunansa da hannunsa kowace safiya a gefen shafin. In bai iya ba, ya zana tauraro mai tsini biyar. Likitocin hanta sun daɗe suna amfani da wannan dabara. Ranar da aka ga rubutun ya karkace, ko tauraron ya ƙi haɗuwa, alhali jiya daidai yake, to dafi ya fara hawa, sai a nemi mota. Ranar komawa asibiti a tafi da littafin, tare da kwalaye da kwalaben duk abin da yake sha, har da na gargajiya, a ajiye su a gaban likita.